Ayarin Gishiri na Biyar

Nagamine Sadao ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana sayar da wasannin bidiyo a Tokyo, manyan nan da ake liƙa hotunansu a jikin jirgin ƙasa, matasa su yi dogon layi a ƙofar kanti tun ba a buɗe ba. Bai taɓa ƙirƙirar wasa ba, bugawar ma ba ta dame shi ba. Aikinsa kawai ya dubi wasa ya faɗi ko zai ci kasuwa, kuma da wuya ya faɗa a ga akasin haka. Da surukarsa ta tsufa har tsayuwa gaban tukunya ta gagare ta, matarsa Fumie ta ce za ta koma Morioka ta riƙe shagon taliyar gidansu. Sadao ya yi ta jan ƙafa har shekara ta zagayo, sannan ya tattara ya bi ta, ga furfura ta fara fito masa, ba shi da aikin yi sai wanke kwanuka.

"Baban Mio, ka sake fasa wani?" in ji Fumie, wadda da sunan 'yarsu take kiransa, wata rana da ta ji ƙara daga baya. "Kwanukan nan sun girme ka, sun ga yaƙi sun tsira, sai a hannunka za su ƙare? Don Allah je ka nemi abin da ka iya."

Abin da ya iya kuwa wuri ɗaya ake yinsa a duk garin. Wani ɗan kamfani ne mai suna Kurobeko, a saman shagon tsoho Tsukidate mai zubin butocin ƙarfe, kusa da kogi. Mutum tara ne a ciki, kuma wasa ɗaya suke yi tun kafuwarsu, Ayarin Gishiri, wanda a lokacin an fitar da kashi huɗu. Mai wasa shi ne madugu. Zai koro takarkarai ɗauke da gishiri daga bakin teku, ya ratsa duwatsu da su kamar yadda kakannin yankin suka yi, yana fama da 'yan fashi da aljanun dutse da dusar ƙanƙara. Faɗan ciki bi da bi ake yi kamar dara, ka yi tunani ka motsa, abokin gaba ya yi nasa. In takarkari ya mutu a hanya ya mutu ke nan, ko shekara ka yi kana kiwonsa.

Mai kamfanin wata mata ce, Iwabuchi Tomoe, gajeriya, ta haura sittin. Tun da likita ya raba ta da taba take tsotsar busasshen ganyen teku, kullum da ƙullinsa a aljihu. Ita ke rubuta labarin wasan, ita ke biyan albashi, ita ke fita da shara ranar shara. Ranar da Sadao ya je neman aiki, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ka buga wasanmu?"

"Na gwada na huɗu, Shugaba. A hawan dutse na farko sa ɗaya ya faɗa rami. Na nemi yadda zan dawo da shi na rasa, na kashe na'urar."

Ta yi dariya har da tari. "To madalla, ba ka ƙarya. A ganinka wasa irin namu yana da sauran kwana?"

"Gaskiya kike so?"

"Ita na saya."

"Irinsa an daina yayi tun kafin 'yata ta shiga firamare. Yanzu a waya ake wasa, cikin jirgi, tsakanin tasha da tasha. Ban san yadda kuka kai yau ba."

"Zauna ka gani," ta ce. "Ga kujera can, ƙafarta ɗaya na rawa, ka sa mata kwali."

Ya zauna ya gani. Masu sayen Ayarin Gishiri ba su da yawa, in an tara su duka filin ƙwallo ɗaya zai ɗauke su. Sai dai duk kashin da ya fito sai sun saya. Ba sa ƙaruwa sosai, ba sa raguwa sosai. Wani babban kamfani a Tokyo ne ke zuba kuɗin aikin, ya buga faifan ya rarraba, ya ɗauki kaso mai tsoka, Kurobeko ta rayu da ragowar. Sadao ya ga abin kamar mai tafiya a kan igiya, amma Tomoe ta daɗe a kan igiyar har tana iya shan shayi a kai.

Bai cika wata shida ba igiyar ta tsinke. Kamfanin Tokyo ya aiko wani mutum mai ladabi, Okochi, da kwalin alawa a hannu. Aka zauna, aka zuba shayi, aka yi zancen sanyi da zancen jirgi. Can ya gyara zama ya ce manyansa suna girmama Ayarin Gishiri ƙwarai, sai dai ba za su iya ɗaukar nauyin kashi na biyar a tsohon salo ba. In Shugaba ta yarda a mayar da shi wasan waya, a ba da shi kyauta, mai wasa ya riƙa saka kuɗi yana jan ƙuri'a ko zai dace da takarkari mai ƙarfi, to za su zuba ninkin abin da suka saba.

"In sa ya mutu fa?" in ji Tomoe.

"Sai a saya masa magani ya tashi, Shugaba. A nan ma ake samun ciniki."

Tomoe ta ƙara masa shayi da hannu biyu. Ta yi godiya a kan shekarun da aka yi tare, ta tambayi lafiyar wani tsohon manajansu, ta ce a gaishe shi. Ta raka Okochi har ƙasan bene, ta sunkuya, ba ta ɗago ba sai da motar haya ta sha kwana. Kalmar a'a ba ta fito daga bakinta ba, amma duk wanda ke wurin ya ji ta.

Sadao ya tare ta a kan matakala, ransa a ɓace. "Shugaba, kin san abin da kika mayar yanzu? Mutum tara ke ci a ƙarƙashinki. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya."

"Nagamine-san," in ji ta, da "san" ɗin girmamawa da suke liƙa wa suna, "wasan waya nawa kamfaninku na da ya fitar da irin wannan caca?"

"Da yawa."

"Nawa ke raye yau?"

Ya ƙirga a ransa, don ba mai son faɗin abin da bai tabbatar ba ne. "Biyu. Ko uku."

"Sauran fa, ina masu yinsu?"

Ya san inda suke, wasu ma shi ya halarci liyafar sallamarsu.

"Ba tsarki gare ni ba," ta ce. "Ina son kuɗi kamar kowa. Amma kasuwar can ta giwaye ce, in muka shiga tattake mu za a yi, mu rasa na can mu rasa na nan. Mutanena na san abin da suke so, na san abin da za su iya biya. Za mu yi na biyar da kanmu, mu sayar da kanmu. Sayarwar kuwa aikinka ne, ba don ado na ɗauke ka ba."

A makon ne Sadao ya gane bai san matar ba. Da yana mata kallon mai mafarki, irin masu fasahar da sai an ɓoye musu farashin kaya. Ashe 'yar kasuwa ce ta gaske. Ta tara ma'aikatan ta ce daidai ruwa daidai tsaki: a ƙaddara cewa mutanen da suka saba saye su kaɗai za su saya, a yi wasan da kuɗinsu zai iya ɗauka, ko da ƙwandala kada a haura. Ta soke ɗaukar muryoyin 'yan wasa, ta ce masu wasanta sun iya karatu. Ta ce a ɗauko duwatsu da dazuzzukan da aka zana wa kashi na huɗu a sauya musu yanayi. Sannan ta zo kan babin teku.

Babin teku shi ne abin da ta fi ƙauna. Shekaru tana rubuta shi, inda ayari zai bar tudu ya shiga jiragen ruwa ya bi gaɓa zuwa arewa. Mai zanen kamfanin, Kodama Ritsu, ya riga ya zana jiragen, har igiyoyinsu da facin filafilansu, sun cika bangon da ke bayan teburinsa.

"Teku ya fita," ta ce. "Ruwa mai motsi tsada gare shi."

Kodama ya miƙe tsaye. "Shugaba, shekara goma sha biyar ina zana miki kofato da duwatsu. Kin yi mini alkawarin teku."

"Na yi. Na kasa cikawa. Ka yafe mini."

"Ke fa kika rubuta shi! Ba ya miki zafi?"

"Yana yi," ta ce, ta ciro ganyen tekunta ta jefa a baki. "Sai me?"

Kodama bai ƙara wata guda ba ya ce zai tafi. Tomoe ba ta roƙe shi ba, ba ta kuma yi fushi ba. A gaban Sadao ta ɗauki waya ta kira wani tsohon abokin aikinta a Tokyo, ta ce tana da mai zanen da ya fi ƙarfin ɗan shagonta, in bai ɗauke shi ba wani zai riga shi. Ranar tafiyarsa ta taya shi cire jiragen daga bango, tana naɗe kowanne a hankali. Da ya sauka ta tsaya tana kallon bangon, duk alamun manne, sannan ta ce wa mai haɗa wasan ya matso da kabad ya rufe wurin.

Shi kuwa Sadao ya shiga neman sanin mutanen da zai sayar wa kaya, don a Tokyo bai taɓa ganin fuskar mai saye ba, alƙaluma kawai ake kawo masa. Ya ji cewa masoya wasan na haɗuwa a Sendai lokaci-lokaci, ya hau jirgi wata Lahadi ya je. A wani ɗaki aka yi taron, a saman gidan abinci, an cire takalma an zauna a tabarma. Ya shiga yana tsammanin samari masu riguna da hoton jarumai. Abin da ya tarar ya sa ya leƙa ƙofa ko ya ɓata ɗaki. Direban bas ne mai sanƙo, da malamin lissafi da ya kusa ritaya, da wata ma'aikaciyar asibitin haƙori mai suna Akutsu, da wasu irinsu, kusan duk sa'o'insa. Da aka fito da na'urorin wasa, sai ya ga kowa na laluben aljihu yana ciro tabarau.

Da suka ji daga Kurobeko yake, suka yi masa caa.

"Da gaske za a yi na biyar?" in ji direban. "Mun ji Tokyo ta janye, har na sha giyar baƙin ciki."

"Kai kullum da dalilin shan giya," in ji malamin. "Ranar da sanka Goro ya mutu ma kwana uku ka yi kana zaman makoki."

"Goro ya kai ni har kashi na uku! Kai da ka bar naka ya daskare saboda rowar bargo, kai ne za ka yi magana?"

Aka kwashe da dariya. Akutsu ta jira hayaniyar ta lafa, ta matso kusa da Sadao. Ta ce tun tana ɗaliba take buga wasan, amma na huɗu ba ta gama ba. Mahaifinta na kwance, ita ke jinyarsa bayan ta taso aiki. Wasan kuwa ba ya barin mutum ya ajiye inda ya tsaya sai ayari ya kai zango, daga zango zuwa zango tafiya ce mai tsawo. Sau nawa tana tsakiyar dutse tsohon zai kira, ta kashe, duk wahalar ta tafi a banza. "Ga rubutun ƙanana kamar ƙwan kifi," ta ce. "Ka gaya wa Shugaba ba mu guje ta ba. Idanu ne da lokaci suka guje mu."

Sadao ya tambaye su ko suna so a sassauta, a bar sa ya riƙa tashi bayan ya mutu. Suka yi masa wani kallo kamar ya zagi iyayensu.

"In aka yi haka," in ji direban, "me ya rage?"

Washegari ya shiga wurin Tomoe ya rufe ƙofa. "Shugaba, mutanenki sun tsufa."

"Ni ma na tsufa. Sai aka yi yaya?"

"Kin ce kin san su. Kin san su lokacin da suke da ashirin. Yanzu suna da iyaye a kwance da 'ya'ya a makaranta. A ƙara girman rubutu. A bar mutum ya ajiye wasa duk inda yake."

"Ba zai yiwu ba. Tsoron tsakanin zango da zango shi ne wasan. In mutum ya san zai iya tsayawa ko'ina, dutsen ya zama tsakar gida."

"To ki je ki gaya wa Akutsu-san ta bar mahaifinta yana kira har ta kai zango."

Ya ga maganar ta shige ta. Ta juya ga aikinta. Kwanaki ba ta ko kallon inda yake, gaisuwa ma a taƙaice. Sadao ya gaya wa Fumie ta tanadi kwanukan da ba ta so, da alama yana dawowa. Ranar Juma'a sai ga Tomoe a kansa, tabarau a goshi.

"Za a ajiye ko'ina," ta ce. "Amma da zarar mutum ya dawo ya ci gaba, ajiyar ta goge. Ya tashi ya yi jinyarsa, ya dawo ya tarar da dutsen na jiransa yadda ya bar shi. Ba wanda zai koma baya ya ceci sa. Rubutu kuma a ninka girmansa, ni ma jiya da ƙyar na karanta abin da na rubuta da hannuna."

Sadao ya jinjina kai. Shi ya kawo ciwon, amma maganin da ta haɗa bai taɓa zuwa masa a rai ba.

Da ya ga ƙofa ta buɗe sai ya turo sauran buƙatunsa. Ya ce a fitar da wasan a kwamfuta ma, ba a na'urar wasa kaɗai ba, a kuma fassara shi zuwa Turanci da Sinanci a sayar ta intanet.

"Wa ya san hanyar gishirinmu a ƙetare?" in ji ta. "Mutanen Osaka ma sai an yi musu bayani."

"Shugaba, akwai ƙasar da ba a cin gishiri? In a kowace ƙasa akwai 'yan tsiraru masu irin halin direban nan, ki tara su ki gani."

"Fassara kuɗi ce."

"Na samo inda za su fito."

Ya sauka da ita shagon tsoho Tsukidate. Tsohon ya buɗe tafin hannunsa, ga ɗan takarkari na baƙin ƙarfe, bai fi babban yatsa ba, da buhunan gishiri biyu a gadon bayansa. Sadao ne ya roƙe shi ya gwada zubawa da ragowar ƙarfen butoci. Dabararsa ita ce a yi kwali na musamman mai tsada, da ɗan san a ciki, masoya su biya tun kafin wasan ya fito, da kuɗin a yi fassara.

Tomoe ta juya san a hannunta. "Baba, ƙahon nan ya yi tsawo. Shanunmu gajerun ƙaho ne."

"Ke da ba ki taɓa kiwon ko kaza ba," in ji tsohon. "Kakana da irin wannan ya yi fatauci. In ba kya so ba ni abina."

Ba ta ba shi ba, aljihu ta sa. Ranar da aka buɗe oda, kwalayen suka ƙare kafin ma'aikata su dawo daga cin abincin rana. Sadao ya ce a ƙara, tunda ga masu so. Tsukidate ya ce hannu biyu gare shi, kuma butoci ne sana'arsa. Tomoe ta goyi bayan tsohon, Sadao ya haɗiye takaicinsa.

Aiki ya ci shekara biyu. Wasan ya fito a tsakiyar hunturu, kuma aka yi rashin sa'a wani ƙaton wasa daga Tokyo ya fito a mako guda, ya cinye bakin kowa. Wani matashi mai sharhi a intanet ya buga Ayarin Gishiri na ɗan lokaci ya ce wasan kakanni ne, ya dace a riƙa sayar da shi tare da maganin ciwon gwiwa. Cinikin makon farko ya zo ƙasa da na kashi na huɗu. A duniyar da Sadao ya fito, makon farko shi ne hukunci, abin da bai sayu a cikinsa ba ya mutu. Ya kasa cin abinci. Ya je wurin Tomoe ya sunkuya ya ce laifinsa ne, shi ya zaɓi ranar, a karya farashi tun da wuri ko a tsira da wani abu.

Ya tarar da ita tana cika wa murhun ofis kananzir. "Ɗago kanka, kana tare mini haske. Ba za a karya ko yen ɗaya ba. Wanda ya biya cikakken kuɗi jiya, in ya ga an karya yau, me zai ɗauke mu?"

"To mu zauna mu zuba ido?"

"Mutanenmu ba sa gudu, Nagamine-san. Wani sai ƙarshen wata, wani sai ya gama wanda yake bugawa, wani sai 'yarsa ta gama jarrabawa. Sannu ba ta hana zuwa. Je ka ci taliyar matarka."

Bai yarda da ita ba, amma ya tafi. Mako na biyu ciniki bai faɗi ba. Na uku ma haka. Wasannin da ya saba da su kamar wutar kara suke, su tashi bal-bal su mutu. Wannan kuwa kamar garwashi, kullum aka duba yana nan da ɗan jansa. Direban bas ya aiko hoton sabon sansa, ya sa masa suna Goro na Biyu. Akutsu ta aiko saƙo ta ce ta ƙetare dutse na uku a zama goma sha wani abu, mahaifinta ma ya fara tambayar lafiyar shanun.

Ƙetare kuwa ta zo da nata salon. Da yawa sun saya sun mayar, suna cewa wasan ya cika nawa, ba a kai ga faɗan kirki ba sun yi barci. Sai wata mata a Taiwan da ke buga wasa mutane na kallonta kai tsaye ta ɗauko shi don ta yi masa dariya. Ta raɗa wa takarkarinta sunan kakarta. Makonni ana bin tafiyar, har ranar da ƙanƙara ta rufto a wani kwazazzabo ta tafi da san. Matar ta nemi yadda za ta dawo da shi ta rasa, ta fashe da kuka a gaban dubban mutane, ta ce ba za ta sake taɓa wasan ba. Kashegari ta dawo ta ci gaba. A makon nan odar da ta shigo daga can ta sa mai haɗa wasan ya ɗauka na'urarsa ce ta lalace.

Tomoe ta kalli hoton bidiyon sau ɗaya, ba ta jin yaren amma ba ta buƙaci tafinta ba. "Wannan tamu ce," ta ce. Sai ta juya ga Sadao. "Ka yi gaskiya a kan ƙetare. Kada ka saba."

Kafin damina ta wuce wasan ya mayar da abin da aka kashe masa, ya ɗora riba daidai gwargwado. Ba a liƙa hotonsa a jikin jirgi ba, jaridun wasanni ma a ƙasan shafi suka ambace shi. Amma an biya kowa ladan ƙarshen shekara, an gyara rufin da ke yoyo a kan teburin mai kiɗa, kuma akwai abin fara kashi na shida ba tare da an je Tokyo an durƙusa wa kowa ba. Sadao ya kawo shawarar a ɗauki mutum biyar a faɗaɗa, a kama ofis kusa da tasha. Tomoe ta ce mutum ɗaya, mai zane, ofis kuma yana nan inda yake. Har yau yana ganin tana barin kuɗi a ƙasa, yakan faɗa mata, takan ce ta gani, bayanta ne ba ya son sunkuyo. Ya daina jin haushin amsar. A Tokyo ya ga kamfanoni masu hawa goma sun tashi sun rushe, ga wannan tsohuwa da mutanenta tara suna ta tafiya.

Wata safiya da kaka waya ta yi ƙara, Sadao ya ɗauka. Wani dattijo ne daga Hachinohe, mai ɗan kantin kayan wasan yara. Ya ce bai taɓa sayar da irin wannan ba, amma wasu masunta uku sun dame shi da tambaya, su kuma ba sa sayen abu ta intanet, sai sun riƙe kwali a hannu. Ko za a iya aiko masa guda uku? Ya yi ta ba da haƙuri a kan ƙanƙantar odar.

"Ba komai, Baba," in ji Sadao. "Yau za su iso."

Ya ɗauko kwalaye uku daga kabad, ya ƙara na huɗu ko za a dace, ya ɗauki makullin motar kamfani. Mai haɗa wasan ya ce ai kuɗin mai ya fi ribar, a ba 'yan aike mana. Sadao ya ce yana so ya ga kantin, ya ga masuntan in sun dawo daga ruwa, ya ji yadda aka yi labarin ya kai gare su.

Yana tayar da mota taga ta buɗe a sama, Tomoe ta leƙo.

"Nagamine-san! In ka je ka sayo mana busasshen kifi, na bakin tashar jiragen ruwa, ba na kantin 'yan yawon buɗe ido ba. Kuma ka tambayi masuntan nan girman rubutun ya ishe su?"

Ya ɗaga mata hannu, ya hau titin da ya nufi arewa.